Tau Ɗin da Aka Samu a Bayan Kawu Manu

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Na farko, mutanen da ke ciki suna nan da ransu, wasu ma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, don haka sunayen da za ku ji ba nasu ba ne. Na biyu, ni an riga an yi mani shaidar ƙari. Shekara ashirin da wani abu ina jan babbar mota, daga Agadas har Fatakwal, daga Kwatano har Garwa, kuma duk abin da na dawo na faɗa a majalisa sai a ce Sada ya zuba gishiri. Na taɓa ba su labarin wani kifi da ya fi ƙyauren zaure tsawo, har yau ana tsokanata da shi, alhali da idona na gan shi. Tau wannan karon ban ƙara komai ba, ragewa ma na yi. Abin da ya sa na buɗe baki, na san yanzu haka akwai wani gida da ke da tsoho irin namu, suna kallonshi ba su san mi ke damunshi ba, maƙwabta kuma suna kallonsu.

Kawu Manu ƙanen mahaifiyata ne. Ita Bafillatana ce, mahaifina Bahaushe manomi, ni na tashi a Batsari da Hausa a baki, Fillanci a kunne kawai. Shi Kawu a ruga ya yi rayuwarshi, can wajen Babban Duhu, har shekarar da ɓarayin daji suka kore mashi garke, suka bar mashi shanu huɗu da suka maƙale a kwari. Na je na ɗauko shi da matarshi Inna Hure, na sauke su a gidan da mahaifiyata ta zauna har ta rasu. Gidan a ƙarshen gari yake ta yamma, daga katangar baya sai gona. Ɗiyarsu Dije malamar firamare ce a Safana. Taubashiyata ce, ni ina ce mata Hedimasta duk da ba ta kai ba, ita tana ce mani Mai Kifi.

Da bazara abin ya fara. Sai ya tambaye ka yaushe ka zo, ka faɗa, ya sha ruwa, ya sake tambaya. Wata rana aka tsinci takalminshi cikin randa. Ya yi sallar Magariba raka'a biyar, da aka yi mashi magana ya ce liman ne ya yi sauri, alhali shi kaɗai ya yi ta a tsakar gida. Daga nan Hausarshi ta fara zubewa. Mutumin da ke cinikin shanu a kara har ya sa dillali gumi, sai ga shi yana neman kalmar buta ya rasa, ya yi ta nuni da hannu, ƙarshe ya faɗa da Fillanci. Muka ce gigin tsufa ne. Inna Hure ta ce baƙin cikin shanu ne, zai wuce.

Ruwa ya sauka, dawa ta tashi a bayan katanga har ta wuce tsawon mutum. Lokacin ne ya fara shimfiɗa tabarmi.

Kullum bayan La'asar sai ya ɗauko tabarma uku ya shimfiɗa a gindin katangar baya, ya kakkaɓe su da kyau, ya ajiye ƙwaryar ruwa a tsakiya. Ya koma gefe ya zauna a ƙasa, kamar yadda mai gida ke yi in manya sun zo. Sai ya ce jaɓɓama, wato barka da zuwa, ya shiga gaisuwa. Abin da ya tayar mani da tsigar jiki ba maganar ba ce, shirun ne. In ya tambayi lafiyar hanya sai ya dakata, daidai tsawon da mutum zai amsa, ya gyaɗa kai, sannan ya tambayi ta gida. Ya gama da na tabarmar farko ya juya ga na biyu. Wani lokaci ya yi dariya, irin dariyar wanda aka zolaya. Rana tsaka fa, kaji na tono a gefenshi.

Ranar da na fara gani, na zo wucewa na taka gefen tabarma ta uku. Ya ɗago ya dube ni da idon da ban taɓa gani wajenshi ba, ya ce da Hausa tsaf:

"Sada, uwarka ce za ka taka ka wuce ba gaisuwa?"

Na ja ƙafata. Na tambayi Inna Hure su wa yake cewa sun zo, ta ce mahaifinshi, da wanshi da ya rasu tun suna samari, da kuma mahaifiyata. Ni da na kwana a maƙabartar motoci a hamada ban ji komai ba, ranar sai da na durƙusa na ce wa tabarma ina wuni. Kawu ya saurara, ya ce ta ce na yi ƙiba, kuma har yanzu ina cin tuwo kamar ana korata. Haka take ce mani. Na san ya sha jin ta tana faɗa, na san da wannan. Amma daga ranar zagaye tabarmar nake yi.

Da a nan abin ya tsaya, da tsakaninmu ne. Sai dai kun san al'ada, baƙo in ya sha ruwa sai a ba shi labarin gari. Kawu kuwa mai gida ne na ƙwarai. Sai ya zauna ya yi ta zayyana masu: wane ya yi taki, wane ya dawo daga Legas, gidan wane an yi haihuwa, Alhaji mai injin niƙa ya sayi bijimai biyu na huɗa, farare, suna ɗaure bayan shagonshi. Duk da Fillanci, da murya sama, fuskarshi na kallon katanga, bayan katangar kuma dawa ce har bakin daji.

Kwana huɗu da wannan magana, aka wayi gari an kore bijiman Alhaji an tafi da ƙanenshi. Akwai maƙwabciyarmu da ke jin Fillanci, ta faɗi abin da ta ji ta kan katanga. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, don ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wanda bai zauna yankinmu ba a waɗannan shekaru ba zai san nauyin kalmar infoma ba. Wanda aka ce yana kai wa ɓarayi labari, ba a cika jiran alƙali a kanshi ba. Isiya ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu. Tare muka yi wasan ƙasa, taki da maganin feshi yake sayarwa a kasuwa, kuma an kashe wanshi a gona shekara biyu kafin nan. Ya tare ni bayan Azahar, muka gaisa har da tambayar jikin tsohon, sannan ya ce:

"Sada, ni ba ni da komai da kai. Amma waɗanda ke bayana ba kullum suke jin maganata ba. Ka fitar da shi daga garin nan."

Na ce mashi gigi ne, da matattu yake magana. Ya ce ai shi ma ya ga masu gigi, kakarshi ta yi, amma bai taɓa ganin mai gigin da ya san launin bijimai da inda aka ɗaure su ba. Kuma mi ya sa sai da Fillanci, mi ya sa sai ta bayan katanga, mi ya sa sai da dawa ta rufe? Wallahi da ni ne a wurinshi haka zan tambaya.

In fitar da shi in kai shi ina? Rugar babu ita. Dije ɗaki ɗaya take haya a Safana, kuma magana tana riga mashin isa can. Dije ta zo, ta sa hijabi, muka je gaban mai unguwa. Ta yi magana kamar tana gaban 'yan aji uku, a hankali, ta ce a ba mu lokaci mu kawo shaidar asibiti. Mai unguwa ya ce kwana arba'in. Ya ce bayan nan ba zai iya ɗaukar alkawarin komai ba.

Satin farko a asibitin garinmu ya tafi. Aka ɗebi jini, aka ce akwai ɗan zazzaɓin sauro, aka ba shi magani da na barci. Ya yi barci har ya wuce La'asar, ya farka yana kuka wai ya bar baƙi a tsaye. A gida kuwa dangi sun yi sahu. Wannan ta kawo hayaƙi, wancan ya kawo rubutu, wani ya ce a kai shi gidan masu taɓin hankali, wani ya ce a ɗaure mashi baki kawai in La'asar ta yi. Aka kawo malamin ruƙiyya, yana cikin karatu ya yi tuntuɓe a aya, Kawu ya gyara mashi. Malamin ya rufe da addu'a ya ce shi dai bai ga aljani a nan ba. Allah ya saka mashi, ya faɗi gaskiya.

Sati na biyu Katsina. A hanya duk shingen da muka zo sai an leƙo an ga malfa da doguwar fuska a ce tsoho ya sauko. A shinge na uku na cire mashi malfar na ɗora mashi hulata. Ya dubi madubin mota ya gai da mutumin da ya gani, ya tambaye ni ko abokina ne. A asibitin mun zo da hantsi aka ce kati ya ƙare sai gobe. Washegari muka zo tun da sassafe, muka samu layi ya zagaye bishiya. Aka yi hoton kai, likita ya ɗaga shi a haske ya ce ƙwaƙwalwar ta ɗan motse, amma ta tsofaffi da yawa haka take. Ya rubuta mamu takarda zuwa Kano wajen masu wannan fanni.

Sati na uku Kano, ni da Dije da Inna Hure da shi. Kwana uku muna jiran ranar ganin likitar, muna kwana a gidan wani tsohon abokin tuƙina, wanda ba zan manta da alherinshi ba. Likitar mace ce, ba ta kai Dije shekaru ba. Ta ce ya zana agogo, Dije ta ce mutumin da bai taɓa ɗaura agogo ba. Sai ta canza, ta ce ya lissafa mata launukan shanu. Ya jero su kamar karatu. Ta faɗa mashi abu uku ta ce ya riƙe, bayan ɗan lokaci ta tambaya, ya ce ba ta ba shi ajiyar komai ba. Ta gama ta ce ita kusan ta tabbata cutar mantuwa ce, wadda ke cin ƙwaƙwalwa a hankali, ba ta da maganin warkewa, mu koma gida mu lallaɓa shi.

Dije ta ce kusan ba zai ishe mu ba. Ta faɗa mata maganar tabarmi da bijimai da kwana arba'in. Likitar ta ajiye biro.

Sannan ta ce akwai wani awo. Ba ta cika sa mutanen karkara su yi shi ba, don yana da tsada, ba a nan ake auna shi ba sai an aika ƙasar waje, kuma ba zai warkar da shi ba. Ta ce ƙwaƙwalwa cikin ruwa take zaune, ruwan kuma yana gangarowa ta cikin ƙashin baya. Kamar rafi ne, in ka ɗebi ruwa a ƙasa ka duba, za ka san abin da ya ratsa ta sama. Akwai sinadaran furotin iri biyu da ake nema a ciki. Na farko amiloyid, shi raguwa yake a ruwan, saboda ya daskare a can sama ya ƙi gangarowa.

"Na biyun kuma," ta ce, "tau."

Ta sunkuya tana rubutu. Ni kuwa na gyara zama, don a wajenmu in mutum ya ce tau, magana ce zai ɗauko. Da na ji shiru na ce, tau, muna ji likita. Ta ɗago ta ce ai ta faɗa. Na ce mi? Ta ce tau. Na ce tau. Sai da Dije ta taka mani ƙafa ta ce, Mai Kifi, sunan abin ke nan. Likitar ta yi dariya har ta riƙe baki, ta ce ba Bakatsinen da ta taɓa yi wa wannan bayani bai jira ci gaba ba. Ta ce shi tau a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake, in suna mutuwa sai ya tsiyayo cikin ruwan ya yi yawa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da Dije ta fassara wa Inna Hure cewa allura za a sa a baya a ɗebi ruwa, sai Inna Huren ta miƙe tsaye. A shekarar sanƙarau an ɗebi ruwan bayan ɗanta na fari, kwana biyu ya rasu. Ta ce ta ba da ɗa, ba za ta ba da miji ba. Likitar ta yi ta bayani cewa sanƙarau ne ya kashe yaron ba allurar ba, kuma allurar ba ta kaiwa inda laka take, ƙasa da nan ake sa ta. Inna Hure ta juya fuska bango.

Shi Kawu yana zaune yana shafa gemu, mun ɗauka ba ya tare da mu. Sai ya tambayi Dije da Fillanci, ruwan in an ɗiba yana dawowa? Likitar ta ce kafin gobe jiki ya mayar da shi. Sai ya ce da Hausa:

"Kamar tatsa ke nan. Tau a tatsa."

Ya dubi matarshi ya ce mata wani abu a hankali wanda Dije ta ƙi faɗa mani har yau. Inna Hure ta zauna.

Na aika gida aka kai biyu daga cikin shanun nan huɗu kasuwa. Ba mu faɗa mashi ba, kuma bai taɓa lura ba, don shi in ya leƙa turke garken nan nashi duka yake gani, yana kiran su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in faɗi yadda ake yi, saboda masu tsoro irin namu. Kwantar da shi aka yi ta gefe, ya naɗe kamar bushiya, gwiwa a ƙirji. Ni na riƙe kafaɗa da gwiwoyin. Aka goge bayan da magani mai sanyi, aka yi ƙaramar allura ta kashe zafi, sannan doguwar, siririya. Ya ɗan yi nishi sau ɗaya. Ni na sa ran ganin wani abu baƙi ko mai kauri, abin da zai yi kama da cutar. Sai ga ruwa garai-garai, ya fi na pampo haske, yana ɗiga ɗaya-ɗaya cikin 'yar kwalba. Sai na ji Kawu yana ƙirga a ƙirjina da Fillanci, go'o, ɗiɗi, tati, kuma duk ƙirga ɗaya ɗigo ɗaya. Bayanshi ne fa ke wajen kwalbar. Na gaya wa kaina numfashina yake bi, don ni nake kallo kuma duk ɗigo sai na ja numfashi. Haka na gaya wa kaina.

Ko minti ashirin ba a yi ba. Ya tashi da ƙafarshi, bai shanye ba, bai rasa komai ba. Ciwon kai dai ya yi na kwana biyu, in ya zauna ya taso, in ya kwanta ya lafa. Aka ce ya yi ta kwanciya yana shan ruwa da shayi. Wanda za a yi wa, kada ya hau mota ranar kamar yadda muka yi wauta muka hau.

Aka ce sakamako sati uku ko huɗu. Na ƙirga da yatsu, na ga a bakin arba'in ɗin zai faɗo.

Wannan jira shi ne jinyar gaske. Na bar duk abin da nake yi, kullum La'asar ina gindin katanga. Na gwada ɓoye tabarmin, ya shimfiɗa zannuwan Inna Hure. Na gwada kunna rediyo don ta rufe muryarshi, ya kashe ya ce rashin kunya ne gaban manya. Sai na koma dabara, in ya ɗauko labarin gari in jefa mashi tambaya kan wata saniya ta da, sai ya bi ta can. Wata rana ya ci, wata rana ya ce in yi shiru ana magana. Sau biyu 'yan sintiri suka shiga dawar daidai lokacin, suka fito jiƙe da gumi ba su ga kowa ba, suka ce an ji motsinsu an gudu. Masu sayen nono suka daina zuwa wajen Inna Hure. A masallaci in na tsaya sai in ga ɗan fili ta dama da hagu.

Ranar arba'in ba sakamako. Da hantsi na leƙo na ga an ajiye benci daura da ƙofarmu, mutum biyar a kai, ba sa hira, ba sa kallon juna. Na kai masu ruwa, suka karɓa suka gode, ba wanda ya sha. Na je wajen mai unguwa, ya ce zuwa Juma'a, kuma kada in sake zuwa. Bencin nan kwana uku yana nan, mutanen na canzawa.

Ranar Alhamis sakamakon ya shigo wayar Dije. Sai da ta hau dutsen bayan makarantarsu ta samu sabis, ta kira likitar ta yi mata bayani, ta buga takardar a shagon kwamfuta, ta hau mashin daga Safana. Ta iso jar ƙasa har gira. Na ce Hedimasta an yi kwalliya, ba ta ko harare ni ba, ta miƙo mani takarda. Amiloyid ya yi ƙasa, tau ya yi sama. Likitar ta ce cutar ce, wataƙila ma da wata a haɗe wadda ke sa gane-gane. Ta kuma ce mu faɗi gaskiya, takardar ba ta san wane ne infoma ba, abin da ta sani kawai ƙwaƙwalwar mutumin nan tana mutuwa, kuma ba a iya yin wannan da gangan. Ban taɓa ganin mutane suna murna da irin wannan labari ba sai mu. Inna Hure ta yi hamdala, sannan ta gane abin da take hamdala a kai, ta shiga ɗaki.

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙofar mai unguwa, da liman, da Isiya da mutanenshi, da malamin asibitin garinmu wanda muka roƙa ya zo ya karanta, don kada a ce mu muka fassara. Ya karanta ya yi bayani, ya ce abin da ya yi wa tsohon yawa a ruwan baya sunanshi tau. Jama'a suka ce tau, suka gyara zama suna jira. Ni kaɗai na yi dariya a wurin, kuma ba wurin dariya ba ne.

Ba kowa ya yarda ba. Wani ya ce takarda ai saye ake yi. Wani ya ce ko mahaukaci ne, in yana faɗa da ƙarfi wani na iya laɓewa ya ji, kuma wannan ban iya musa shi ba. Liman ya ce wanda aka ɗauke wa hankali an ɗauke mashi alƙalami, in Allah bai rubuta mashi laifi ba, mu a wane dalili. Mai unguwa ya yanke: tsoho zai zauna, amma a sare dawar da ke jikin katanga, kuma tabarmin su dawo zaure, inda kowa ke gani. Kafin Magariba aka ɗauke bencin.

Kawu ya yi kwana biyu yana fushi, wai baƙinshi ba su saba da ƙofar gaba ba. Rana ta uku ya ce sun zo. Masu wucewa suka riƙa rage tafiya suna leƙe, suna ganin tsoho da tabarmi uku ba kowa a kai. Wannan ya yi aikin da takardar ba ta gama ba. Masu sayen nono suka dawo. Ƙanen Alhaji ma ya dawo bayan wata biyu, ya ce a can daji ya ji sunan wanda ya nuna bijiman, kuma ba daga gidanmu ba ne.

Bayan dawowar tashi ne Isiya ya yi sallama a zauren, da La'asar, da ledar lemu a hannu. Ya durƙusa ya gai da Kawu. Kawu bai gane shi ba, amma ya amsa da fara'a, ya nuna mashi gefe kusa da ni. Sannan ya tsaya yana kallon ƙofa, ta saman kafaɗar Isiya. Ya tashi da kyar ya shiga gida, ya dawo da tabarma ta huɗu, ya shimfiɗa ya kakkaɓe. Ya ce jaɓɓama. Ya dakata. Sai ya juyo ga Isiya ya ce da Hausa, yana ɗan yi mashi faɗa irin na manya:

"Kai kuma ka zo da dattijo ka bar shi tsaye a rana? Ga shi duk ƙasa a kanshi."

Isiya bai waiwaya ba. Na ga wuyanshi ya ƙame. Ya zauna har Kawu ya gama gaisawa da tabarmar, tambaya da shiru, tambaya da shiru, sannan ya ce ana jiranshi a shago, ya fita ta gefen ƙofa, kafaɗarshi na gogar bango.

Kawu ya ƙara wata bakwai. A ƙarshe Fillancin ma ya tafi, ya daina tashi, muna juya shi muna ba shi kunu da cokali. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, da safe, a ɗakinshi, kanshi a cinyar Inna Hure. Unguwa duka ta yi mashi salla, har da mutanen benci. Allah ya jiƙanshi, ya saka wa likitar nan da duk wanda ya ba mu wurin kwana ko ya bar mamu layi. Ku kuma masu tsoho a gida, in ya fara ajiye takalmi a randa, ku kai shi asibiti tun maƙwabta ba su fara fassara mashi magana ba. In an ce za a ɗebi ruwan baya, ku tambaya ku gane, amma kada tsoro ya hana ku. Tatsa ce.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka watse ina naɗe tabarmi, Isiya ya tsaya yana taya ni. Ya tambaye ni yadda ake ɗibar ruwan, da inda ake kai shi, da ko tau ɗin nan yana daɗewa a jiki. Na yi mashi bayani iya sanina, har na fara zolayarshi ko shi ma mantuwa ta fara. Bai yi dariya ba. Ya riƙe tabarmar a ƙirji, ya ce bara waccan akwai wani tsoho a wani ƙauye can yamma, shi ma an ce yana magana shi kaɗai a bakin gona. Ya ce shi wancan, 'yan sintiri ba su jira kwana arba'in ba.

"Sada," ya ce, "wanda aka riga aka rufe, ana iya auna ruwan bayanshi?"